'Yan Dubiyar Inno

Halimat ƙawata, matso kusa. Abin da za ni gaya miki a Turba ya faru, gidan Tasalla ɗiyar ƙanwar mahaifiyata, kuma daga bakinta na ji shi. Allah shi ne masanin gaibu, ni dai abin da ta faɗa nake faɗa.

Mijin Tasalla, Abbas, yana Aljeriya yana aikin gini. Ita ya bar wa mahaifiyarsa Inno da ɗiyarsu Khairat. Inno ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, in ba babban abu ba ne kuma kusa da ita, ba ta ganin komai. Duk ranar da Abbas ya kira ta bidiyo, sai ta kanga wayar a hancinta ta ce, "Wanga ɗan tabon shi ne Autana?" Shi ya sa ya aiko da ƙaton talabijin mai shiga intanet, ta hannun wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Nijar. Marwan, ƙanen Tasalla mai gyaran waya a Isa, ya zo ya haɗa shi da batirin sola. Ɗan akwatin wayifai kuwa ya ɗaure shi a gora saman rumbu, can ƙarshen tsakar gida, don nan kaɗai sabis ɗin intanet ke kamawa. Ya gwada, komai ya yi daidai.

Kafin Juma'a ta zagayo, ciwo ya kwantar da Inno. Ko kunu ta daina sha. Abbas ba ya samun damar kira sai Juma'a da magariba, kuma duk wanda ya dubi Inno ya san ba lallai ta ga wata Juma'ar ba.

Ran Juma'ar, da rana ta yi ja, Tasalla ta kunna talabijin. Ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya ce bai samu wayifai ba. Ta kashe ta kunna. Ta zare filogi ta mayar. Ta duba wayarta, ita ma ta saki wayifai ɗin. Ta leƙa daga bakin ƙofa, ga 'yar koriyar fitilar akwatin can saman rumbu tana ci lafiya lau.

Ta kira Marwan.

"Yaya, ko dai Khairat ta wanke rimot da omo?"

"Bar wasa, Marwan. Jikin Inno ya yi tsanani, yanzu baban Khairat za shi kira."

Ya nutsu. Ya sa ta shiga nan ta danna can, ta sake nema. Babu.

"To, 'yan dubiya sun cika gidan ko? Jikin mutum ruwa ne, Yaya, wayifai ba ya ratsa taro. Ko gidan biki haka yake yi. Ki ce su ɗan gusa daga tsakanin rumbu da ɗaki."

Tasalla ta dubi tsakar gidan. Turmi a kife. Igiyar shanya. Inuwar katanga ta miƙe har bakin rijiya.

"Ba kowa," ta ce.

"To je ki kwanto akwatin da gorar, ki kafa ta a bakin ƙofa. Ƙila ya kama."

Ta ce wa Khairat ta zauna gun kakarta, kada ta fito. Ta gyara ɗaurin zanenta ta sa ƙafa waje.

Sai a lokacin ta lura da kaji. Magariba ta yi amma ko ɗaya ba ta shiga akurki ba, duk sun hau katanga sun jeru, sun yi tsit. Akuyar gidan ta manne da bango tana karkarwa.

Ta yi taku kaɗan. Iska ta sauya. Wani ɗumi ya buge ta, irin na ɗakin da mutane suka daɗe a ciki. Warin gumi, da ƙanshin turaren wuta, da na tufafin da suka jima a adaka.

Ba wanda ya kunna turare a gidan.

Ta ci gaba. Wani abu ya shafi ƙaurinta, kamar gefen riga. Ta kauce, wani ya shafi kafaɗarta ta ɗaya gefen. Ba ta san lokacin da ta fara tafiya a karkace ba, yadda ake ratsa mata a gidan suna.

A hagunta tabarma ta yi ƙara, kamar an gyara zama. A damanta ƙwayoyin tasbaha suna bugun juna, ƙas, ƙas, ƙas.

Ta taka wani abu mai taushi.

Aka ja tsaki a daidai gwiwarta.

Ta so ta juya, amma ta tuna Inno da wayar kange a hanci. Ta kai hannu ta dafa rumbu. Ta kwance igiyar, ta sauko da gorar, ta rungume akwatin a ƙirjinta. Can masallaci ladan ya ɗaga murya.

Ta juyo. Ga ƙofar ɗaki can, hasken talabijin na fitowa shuɗi. Sai hasken ya ɓace. Ya dawo. Ya sake ɓacewa, kamar kawuna na gilmawa.

Ta ɗaga ƙafa, ta ji ta daki ƙirjin mutum.

Hanya ta rufe.

Ta fara Ayatul Kursiyyu, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Wani hannu ya kama tsintsiyar hannunta. Busasshe, mai sanyi, yatsun sun zagaye har sun haɗe sun yi saura.

Numfashi ya sauka a kunnenta.

"Mu munka riga zuwa."



Sai ga muryar Inno daga ɗaki. Inno da tun jiya ba a jin maganarta sai an sunkuya, muryarta ta fito garau har katanga ta amsa.

"Maƙwabta, ku ba ta hanya. Ɗana za ni gani. Sannan ku shigo."



Hannun ya saki, yatsa bayan yatsa. Tabarmi suka yi ta ƙara ana janye su, sanyin magariba ya buɗe a gabanta siriri kamar turbar tururuwa. Ta bi shi da gudu. A bakin ƙofa aka fizgi bakin mayafinta, ta bar shi, ta faɗa ɗaki a kan gwiwoyinta.

Talabijin ya yi ƙara, ƙil. Ya kama. Wayar ta hau ruri.

Fuskar Abbas ta fito a talabijin, ta cika bango. Khairat ta tallafo kakarta, Inno ta miƙa hannu ta shafa gilashin daga goshi har haɓa.

"Auta, ka rame. Mi suke ba ka can, tsakuwa?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, shi ma ya nemi gafararta. Tasalla na durƙushe a gefe, ta ɓoye hannunta cikin zane, don shatin yatsu ya fito a kansa. Washegari da hantsi Inno ta cika. Allah ya jiƙanta. Mayafin kuwa a kan turmi aka same shi, a ninke tsaf.

Tun daga ranar talabijin bai ƙara yin gardama ba. Marwan ya mayar da akwatin saman rumbu, ana kunnawa yake kamawa. Tasalla dai ba ta ƙara ratsa tsakar gidan da magariba ba sai da sallama, kuma ba ta kwana ba ta yi azkar ba.

Shekaranjiya ta zo wurina, idonta ya faɗa. Ta ce ran Alhamis zoben ya sake juyawa, ya ce bai samu ba. Kaji sun hau katanga. Kuma a gidan daga ita sai Khairat, kowa lafiyarsa lau.

Ta ce tun daren nan take zaune tana kallon yarinyar tana barci, ba ta san wa suka zo dubawa ba.

Ki sa su a addu'a, Halimat. Amma don girman Allah kada ki gaya wa kowa, ko maigidanki. Abbas bai sani ba tukuna.