Wa'adi Zuwa Kaka

Abdulbasit ya dawo daga gona da la'asar, ya jingine garma a jikin rumbu, sai ya ga takalman Inna Kaltume a ƙofar ɗakin matarsa. Surukarsa ba ta zuwa gidan nan haka kawai.

Ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa a daƙile ta bayan labule, sannan ta ci gaba da maganarta da ƙarfi, don dai ya ji.

"Ke Raudatu, ni fa na gaji. Miji a zaure, mata a ɗaki, wannan wane irin zama ne? An yi rubutu, an yi turare, an yi sadakar ƙosai, shiru. Ɗauko mayafinki mu tafi."

"Inna, don Allah ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ƙuruciyarki za ki ƙarar a nan?"

Raudatu ba ta ɗauki mayafin ba, kuka kawai ta sa. Da Inna ta fito, sai ta tsaya a kansa ta ce, "Malam ya ce ka same shi gobe bayan azahar." Ta wuce tana gyara lulluɓi.

Malam Ja'afaru ƙanin mahaifinsa ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar uban, shi kuma ya ba shi 'yarsa Raudatu da ya ga suna son juna. Duk ƙauyen nasu na gefen Dawakin Tofa babu wanda Abdulbasit yake jin nauyi kamarsa. To yanzu da wane baki zai yi masa bayani?

Don kuwa zancen sammu da dangi suke ta yi, ƙarya ce, kuma ya sani. Ba wanda ya yi masa asiri. Da rani ne, yana ango sabo fil, ya je kasuwar Bici sayen igiya, ya tsaya a gaban motar wani mai maganin maza. Mutumin yana ta kwarmato a lasifika, wai mace ba za ta taɓa faɗa maka ka gaza ba, sai dai ka ga raini. Maganar ta shige shi. Lafiyarsa ƙalau, matarsa ba ta taɓa yi masa ko tsaki ba, amma Allah wadaran zuciya, ya sayi kwalba ya ɓoye a aljihu. Da ya sha, gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya, ga azaba kamar ana zuba masa garwashi. Kunya ta hana shi magana, ya yi kwanaki yana juyi a tabarma yana cewa ciwon mara ne. Kafin ya yarda a kai shi asibiti a Kano, jini ya riga ya daskare a ciki. An zuƙe, ciwo ya tafi, amma ƙarfin bai sake dawowa ba. Tun daga nan ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure, don ba ya iya haɗa ido da ita.

Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. Kafin ruwan shuka ya saci jiki ya koma wajen likitan mafitsara, Dakta Kamaruddeen. Likitan ya duba shi, ya fito da abubuwa biyu daga durowa ya ajiye a tebur.

"Ƙwaya ba za ta yi maka aiki ba, sai tiyata," in ji shi. "Roba ce ake dasawa a cikin gaba. Wannan sanduna biyu ne masu lanƙwasuwa, kullum da ƙarfinsu, sai ka kwantar da su ƙasa idan ba ka bukata. Wannan kuma mai famfo ce, ana ɓoye ɗan famfon a ciki, ka matsa ta cika, ka sake matsawa ta koma."

Abdulbasit ya ce, "Dakta, zan dawo yadda nake a da?"

"Za ka iya kusantar iyalinka, kuma ba ta hana haihuwa. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, roba ba ta ƙara tsawo. Abin da ciwon ya ci ya riga ya ci, za ka ga ragi. Tabon da ke ciki kuma ƙara tsukewa yake yi, duk jinkirin da ka yi kanka kake rage wa. Ka zo da matarka mu zauna."

Kalmar ragi ce kaɗai ta biyo shi gida. A gona ita yake ji, a masallaci ita yake ji. Shi da ya je neman ƙari, yau ga shi ana yi masa zancen ragi. A yanka shi, a cusa masa roba, sannan ya fito da abin da bai kai na da ba? Tsoro ya cika shi, ya ƙi komawa.

Washegari ya sami Malam Ja'afaru a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, shi kaɗai. Ya cire takalmi tun daga nesa ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Abdulbasit, kai ɗana ne, ita ma 'yata ce," in ji Malam. "Amma tana da haƙƙi a kanka, kuma shari'a ta ba mai irin lalurarka lokaci ya nemi magani, ba ta ce a zauna har abada ba. Na ba ka zuwa kaka. Idan an shigar da gero rumbu ba a ga sauyi ba, zan tambaye ta. In ta ce a raba, da kaina zan karɓi takardarta."

Gero har ya fara fitar da kai, kaka ai ga ta nan. Ya tuna Raudatu tun tana yarinya tana biyo shi gona da butar ruwa, ya ji ba zai iya rayuwa ba in wani ya ɗauke ta. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Baffa, ba sammu ba ne."

Ya faɗi komai, tun daga motar lasifika har robar da ke kan teburin likita, hawaye yana ɗiga a kan gwiwarsa. Malam ya daɗe yana jan carbi.

"Wato ka bar mu muna ta zargin bayin Allah, alhali maganin yana Kano. Me ya hana ka komawa?"

"Tsoro nake ji, Baffa. Ban san ko ya halatta ba. Kuma ranar da na mutu, masu wanka za su gani. Gari ya ɗauka, a riƙa yi wa zuri'ata gori."

"Halatta kam ya halatta. Wanda ya karye aka sa masa ƙarfe a ƙafa, laifi ya yi? Zancen wanka kuwa, wa yake wanke mazan garin nan?"

"Kai ne, Baffa."

"Tun kafin a haife ka nake yi. Ka taɓa jin na faɗi abin da na gani a jikin wani? Ana rufe al'aurar mamaci da ƙyalle, abin da hannu ya taɓa kuma amana ne har kabari. Ka bar tsoron masu wanka, ka ji tsoron haƙƙin mai rai. Sai me kuma?"

Saura tsoro ɗaya a ran Abdulbasit. Na ukun ba ya faɗuwa a gaban suruki. Malam ya dube shi, ya kawar da kai.

"Wanda ya rage ba nawa ba ne. Je ka tambayi mai shi."

Kwanaki suka yi ta wucewa yana kasa tambayar. Ya zo bakin ɗakinta ya juya, ya buɗe baki sai ya ce ina igiyar akuya. Ranar da ya ga tsuntsaye sun fara sauka a kan geron maƙwabcinsa, hankalinsa ya tashi sosai. Ya dawo gida da rana tsaka, ya tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida.

"Raudatu, ajiye rariyar nan, magana zan yi."

Ta ajiye, ta goge hannu a zani. Ya zauna a kan turmi ya juya mata gefe, ya yi bayanin kwalbar da na tiyatar. Sannan ya zo kan maganar ragi.

"Likita ya ce ko an yi, ba zan kai yadda kika san ni ba. Ina tsoron a sha wahalar nan, ki gani, ki raina ni. Gara ki tafi kina ganin girmana."

Raudatu ta rufe fuska da gefen ɗankwali, kunya kamar ta nutse. Amma da ta yi magana, muryarta da zafi ta fito.

"Yaya, wa ya ce maka ni na taɓa aunawa?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ka taɓa jin na yi ƙorafi? Mai lasifika ya gaya maka abin da ke raina, ka yarda da shi, ni da nake ɗaki ɗaya da kai ba ka tambaye ni ba. Yanzu ma ka sake yanke hukunci kai kaɗai. Wallahi abin da yake sa ni kuka ba wannan ba ne. Na dafa abinci ka ci a zaure kamar baƙo, na yi kitso ba ka gani, in na yi mafarkin tsoro ba wanda zan taɓa. Har na fara zaton ka daina sona ne."

"Ni? Raudatu, ni na daina sonki?"

"To in kana sona, ka kai ni wajen likitan nan in ji da kunnena."

Suka shiga mota zuwa Kano. A ofishin Dakta Kamaruddeen ta ja hijabi har goshi, amma ita ta fi mijin tambaya.

"Dakta, wacce ta fi saurin lalacewa?"

"Mai famfo ta fi kama da halitta, amma inji ce, tana iya samun matsala a sake tiyata. Mai lanƙwasuwa ba ta da abin lalacewa sosai, kuma da irin tabon da yake da shi ta fi sauƙin sakawa."

"Zai iya noma da ita?"

"In ya warke, har huɗa zai yi."

Abdulbasit ya ce, "Ba za a gane a jikina ba?"

Likitan ya dubi yalwatacciyar rigarsa da wandonsa ya yi murmushi. "Da wannan ɗinkin naka? Sai dai in kai ka faɗa."

Raudatu ta juyo ta ce a hankali, "Yaya, jikinka ne, kai za ka zaɓa. Ni dai ba na so a yanka ka sau biyu." Ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya nuna mai lanƙwasuwa. Ya sayar da shanun huɗarsa, Malam ya cika masa sauran ba tare da Inna ta sani ba.

Ranar tiyata tsoro ya dawo masa sabo. Ana tura shi a gado yana kallon fitilun silin suna wucewa. Idan bai farka ba fa? Idan wurin ya ruɓe aka ce sai an cire? Idan ya buɗe ido ya ga abin da ba zai iya kallo ba? Ya ji kamar ya diro ya ruga. Sai ya hango Raudatu a bakin ƙofa, leɓɓanta suna motsi da addu'a, ya rintse ido ya yi shahada.

Ya farka da ciwo, ya yi makonni yana tafiya a hankali, 'yan garin suna yi masa sannu da aikin gwaiwa, don abin da suka ɗauka an yi masa ke nan. Ranar da aka cire bandeji ya duba, ragin yana nan kamar yadda likita ya faɗa. Ya yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Raudatu ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta je zaure ta naɗo tabarmarsa da kanta, ta jefa ta bayan rumbu.

Da aka gama shigar da gero, Malam Ja'afaru ya cika alƙawari. Ya kira 'yarsa a gaban uwarta, Abdulbasit yana tsugune a waje, yana jiran amsarta, likita kuwa ya riga ya sallame shi.

"Raudatu, wa'adi ya cika. Me kika ce?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Baba, a bar ni a ɗakina."

Inna Kaltume ta matso ta leƙa fuskarta. "Ke, tsakani da Allah? Ba kara kike yi ba?"

"Inna, ni dai na bar tuwo a wuta."

Inna ta riƙe haɓa, ta dubi Malam, ta ce lallai turaren nan na ƙarshe da ta aiko shi ne ya karya sammun. Malam ya ce Allah dai shi ne mai warkarwa, ya ci gaba da jan carbinsa.

Wata Juma'a bayan nan Abdulbasit ya sake bi ta kasuwar Bici. Motar tana nan, lasifika tana ta kwarmato, samari sun yi cincirindo. Ya ji tausayinsu ya kama shi, don ya san irin tsoron da ya tsayar da su a wurin. Ya wuce rumfar masu atamfa ya saya wa Raudatu turmi ɗaya.

'Yan'uwa, ciwon da aka ɓoye saboda kunya ƙaruwa yake yi, kuma abin da ke ran matarka ba a kasuwa ake jin sa ba. Abdulbasit ya rasa abin da ba zai dawo ba saboda ya ƙi yin tambaya ɗaya a gidansa. Da ya yi ta, matarsa ta amsa, haƙurinta kuma ya tsare musu aurensu.