Sawu a Kan Sabon Siminti

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani tsohon malamin makaranta, Malam Barau, wanda ba ya ƙaunar ganin abu a karkace. Wata rana ya kira magini Tanko ya yi wa katangar tsakar gidansa shafe, ya kuma zuba sabon siminti a matakalar ƙofar ɗaki. Aiki ya fito sumul, Malam ya hana kowa takawa.

Da safe sai ga sawu a kan matakalar. Malam ya fusata, ya tara mutanen gida.

"Wa ya taka mini siminti?"

Ya juya ga Tanko: "Ka shafe shi yanzu, wanda ya taka kuma sai ya gane kurensa!"

Tanko ya durƙusa da cokalin gini, ya ce, "Malam, kusa da kowane sawu akwai ramin sanda."

Malam ya bi sawun da ido har gindin lemo. Can ya hango matarsa, Inna Kulu, wadda ciwo ya kwantar tun bara, zaune tana haki.

"Ni na taka, Malam," in ji ta. "Na ga matakalar ta yi kyau, ƙafata ta ce mu gwada. Bulala nawa za ka yi mini?"

Malam ya dubi ƙafafunta. "Ikon Allah! Da ƙafarki?"

Tanko ya ce, "In shafe, Malam?"

"Kada ka taɓa! Yayyafa masa ruwa, ya bushe da ƙarfi."