Tsinke Bakwai na Ƙaurin Cima

Illa ya fara ganin Cima ranar da anka sauke ta daga kan jaki a ƙofar likitar Keita, asibitin garin. Ita ce yarinyar garin Ibohamane da ta fi kowa ɗaukar dutse a aikin gyaran ƙasa. Dutse ya faɗo mata a ƙauri, wata uku ciwon bai rufe ba, har ana maganar yanke ƙafa. Tanimu, saurayinta, ya ɗauke ƙafa tuni.

Illa, mai wankin ciwo a likitar, ya kwance tsumman. Ba ta ko motsa ba.

"Ba ki jin zafi?"

"Ina ji. Sai in yi maka kuka?"

Ya yi dariya. Nan take ta shiga ransa.

Ya dubi ubanta, Kalla. "Baba, wa ke kankare bakin ciwon ga?"

"Ni. Kullum sai wani fari-fari ya fito, in kankare ruɓar da wuƙa, in sa toka."

"Ba ruɓa ba ce, sabuwar fata ce. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Daga baki suke rarrafowa, su kama nama gaba, su saki baya, har su gamu tsakiya. Suna tahowa, kai kana share su."

"Yaro, ni za ka koya wa ɗiyata?"

Illa bai ja ba. Ya karya tsinken tsintsiya daidai faɗin ciwon, ya miƙa masa. "Aje wanga. Ka bar mini wuƙa sati guda."

Ya wanke, ya ɗaure da farin ƙyalle. Kowane sati sabon tsinke, kowane ya fi na baya gajarta. A na huɗu ya saƙa mata takarda cikin hannu, ƙawarta ta karanta mata: "Sarauniyar dutse, ciwonki na rufewa, ni kuwa tsoro nake ji. In ya warke mi zai kawo ki Keita?"

Da ta dawo ta ce, "Likitana, kai ba ka da ƙafa? Ibohamane sama take?"

Ya aika manyansa neman aurenta. Kalla ya ce a'a, kakannin Illa bauta sunka yi a arewa. Cima ta ce, "Baba, da za a yanke ƙafar, asali za ka ɗaura mini in taka?"



Ranar da ta sake ɗaukar dutse tana tafiya garau, sai ga Tanimu da goro. Kalla ya shiga ɗaki, ya fito da tsinke bakwai, ya jera bisa tabarma gaban mutane. Ya ɗaga mafi tsawo.

"Tanimu, ranar wanga ina kake?"

Kalla ya ci gaba, dogon tsinken na hannunsa.

"Wannan aikin hannuna ne." Ya ɗaga guntun. "Wannan na Illa. A kira shi."

Bayan girbi anka ɗaura aure. Cima ta ƙi hawa doki, da ƙafarta ta taka har ɗakin miji, mata na guɗa. Kalla ya ce, "Yadda fatar ga ta gamu ta kama, Allah shi haɗa ku haka."