Aku da Wayar Baba

Akwai wani yaro da 'yan ajinsu suke kira Aku. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk muryar da ya ji sau ɗaya, to ya ɗauke ta ke nan. Yana yin muryar hedimasta, yana yin ta mai gadi, har ƙarar ƙofar ajinsu yana yi.

"Ni fa babu wanda ba zan iya ruɗawa ba," haka yake cika baki.

A gidansu kuwa dariya ta yi ƙaranci. An rufe masaƙar da Baba yake gyaran injina a ciki. Tun daga nan yake yawon neman aiki. Ya je gidan burodi, ya je otel, ya je kamfanin motocin haya. Ko'ina sai a zaunar da shi gaban tebur, a yi masa tambayoyi, a ce, "Za mu neme ka." Shiru.

"Hannuna ya san aiki," Baba ya ce wa Mama. "Bakina ne matsalar. Da an tambaye ni sai harshena ya yi nauyi."

"To ga mai surutu nan a gida," in ji Mama. "Ya riƙa yi maka tambayoyin har ka saba."

Haka aka yi. Kullum da yamma Aku zai kifa bokiti ya zauna, ya saka tsohon gilashin Baba, ya ɗaure fuska.

"Ni ne mai gidan burodi. Injin kwaɓa ya tsaya, me za ka fara dubawa?"

"Wutar lantarki tukuna, sannan bel ɗin da ke juya injin."

"Yanzu ni ne manajan otel. Baƙo ya yi maka tsawa, ya za ka yi?"

"Zan saurare shi, in ba shi haƙuri."

"Ɗago kanka, Malam! Ba takalminka ne ya tambaye ka ba!"

Baba ya yi dariya. Rabonsa da dariya har an manta.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta, abokin Aku ya ce, "Kai kullum cika baki. Babanka dai ba za ka iya ruɗa shi ba."

"Ni? Kawo wayar yayanka ka gani."

Aku ya toshe hanci, ya kumbura murya, ya kira Baba. Ya ce daga kamfanin motoci ne. Ya yi tambayoyi, Baba yana amsawa a natse. Daga ƙarshe ya ce, "Madalla. Mun ɗauke ka. Ka zo gobe."

Abokin ya faɗi ƙasa don dariya.

Da Aku ya isa gida, ya tarar Mama tana goge farar rigar Baba, tana share hawayen murna. Baba ya rungume shi.

"Ɗana, na samu! Kai ka koya mini!"

Aku ya sunkuyar da kai.

"Baba... ni ne na kira. Wasa nake yi."

Mama ta ajiye dutsen guga. Baba bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya karɓi rigar, ya ninke ta, ya mayar cikin akwati. Ya fita ƙofar gida ya zauna shi kaɗai. Da dukansa ya yi, da ya fi wa Aku sauƙi.

Daga ranar aka daina kifa bokiti.

Ana nan, wata rana da hantsi wayar Baba ta yi ƙara. Muryar mace ce.

"Daga asibiti nake kira, sashen wanki. Mun ga takardarka ta neman aiki. Muna neman mai kula da injinanmu. Ko zan iya yi maka 'yan tambayoyi?"

Ran Baba ya ɓaci. "Kai Aku, ba ka gaji ba? Yau kuma mace ka zama? Kashe wayar nan kafin in zo in ja kunnenka, marar kunya!"

Daidai lokacin Aku ya shigo ɗauke da jarkar ruwa.

Baba ya dube shi. Ya dubi wayar. An riga an kashe. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, haka nan. "Ashe da gaske daga sashen wankin asibiti ne," ya ce. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hannu biyu. Aku bai taɓa ganin kafaɗun Baba suna rawa haka ba.

Washegari a aji bai kwaikwayi kowa ba. Malamarsu ta lura. Da aka fita hutu ta tsayar da shi.

"Aku, yau ina ka baro bakin naka?"

Sai ya fashe da kuka. Ya gaya mata komai.

"Ka yi ɓarna babba," ta ce. "Amma kuka ba zai gyara ba. Bakin da ya ɓata, shi zai je ya gyara. In an tashi zan raka ka."

Sashen wanki yana can bayan asibiti. Zafi, tururi, ga manyan injina suna juya zannuwan gado. Ɗaya a tsaye yake, an lulluɓe shi da leda. Shugabar sashen ta fito tana share gumi, ta tsaya ta kama ƙugu.

Aku ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, mutumin da ya yi miki faɗa jiya babana ne. Ya zaci ni ne. Na taɓa yaudararsa da murya."

"Ɗan yaro kamarka? Ban yarda ba."

Aku ya share ido, ya kama ƙugu kamar yadda ta yi, ya ce da muryarta sak, "Ɗan yaro kamarka? Ban yarda ba."

Ma'aikatan wurin suka kwashe da dariya. Ita ma ta so ta daure, ta kasa.

"To, tunda kai ne gwanin magana, amsa mini. Don me zan ɗauki babanka?"

Aku ya buɗe baki zai ce Baba ya fi kowa a duniya. Sai ya tuna abin da ƙarya ta jawo masa.

"Ba ya iya magana sosai," ya ce. "Amma in ya saurari inji, yana gane abin da ke damunsa. Kuma ba ya zagin mutane. Ni na sa shi."

Matar ta gyaɗa kai. "Ka ce ya zo gobe."

Da ya kai saƙon, Baba bai yarda ba sai da Malama ta shigo da kanta ta tabbatar. Aku ya ji kunya ƙwarai, ganin maganarsa ba ta da daraja ko a gidansu.

Mama ta sake ciro farar rigar. Baba ya dubi bokiti, ya dubi ɗansa. "Zo ka kifa shi. Yau kai ne shugabar wanki."

Washegari Baba ya zauna gaban matar, kansa a ɗage. Ya fara da ba ta haƙuri.

"Mene ne rauninka?" ta tambaye shi.

"Na yi magana ban saurara ba. Ke ce shaida. Ba zan ƙara ba."

Ta yi murmushi, ta nuna injin da aka lulluɓe. Baba ya tuɓe farar rigar don kada ta ɓaci. Ya duba wuta tukuna, sannan bel. Kafin la'asar injin yana juyawa.

Da yamma Baba ya dawo hannunsa duk baƙin mai, fuskarsa cike da fara'a.

"Baba, da gaske an ɗauke ka?" in ji Aku.

"Da gaske. Ai ni ba Aku ba ne."

Mama ta yi dariya har da hawaye.

Aku bai daina kwaikwayo ba, amma bai ƙara yaudarar kowa da shi ba. Ya gane cewa wasan da zai sa wani kuka ba wasa ba ne, kuma wanda ya saba da ƙarya, ranar da ya faɗi gaskiya ma sai an nemi mai shaida.