Giyabos ɗin Alhaji Ɗanaudu

Da hantsi Alhaji Ɗanaudu ya shigo ofishin 'yan sanda na Bagudo, riƙe da wuyan rigar Gidaɗo bakanike.

"Sufeto, ruhe shi. Giyabos ɗin motata da anka kawo min daga Benin an sace shi garejinai."

Sufeto Lawal ya san motar, tsohuwar Fijo ce da ta girme shi. Kowa ya ba Alhaji shawara ya bar wa 'yan gwangwan, shi kuwa ya rantse sai ya sake tuƙa ta da hannunsa.

A gareji an ɗage motar kan duwatsu, an riga an ɗaura sabon kuloci. Sufeto ya taɓa wani ƙarfe duk laka da ƙafarsa.

"Wannan fa?"

Gidaɗo ya duƙa, ya kankare lakar, ya riƙe baki. "Ranka ya daɗe, ai wanga shi ne na Benin. Tsohon na wanke da hetur in ga inda ya tsage. Shi anka ɗauka."

Sufeto ya yi murmushi. Ɓarawon ya bi ƙyalli, ke nan ba ɗan sana'a ba ne.

A bakin kogin Kwara wani mai jirgi ya ce wa Sufeto ya ga mai babur ya tura ƙarfe cikin ruwa. Wanda ke son kuɗi ba ya ba kifi giyabos. Wannan so yake motar ta mutu.

Mai wannan burin kuwa sai na gida. Sufeto ya wuce gidan Alhaji, tare da kofur da Alhaji da Gidaɗo. A zaure ya tarar da Albashir, babban ɗan Alhaji, zaune kusa da babur ɗinsa, robar ɗaure kaya ta yi baƙi ƙirin.

"Me ka ɗauko?"

"Gawayi."

Sufeto ya shinshina robar. "Gawayinku warin man giyabos yake yi? Tsohon ma ka ɗauka, na Benin na nan gareji."

Albashir ya miƙe, ko gezau.

"Ni ne. Kuma ku sake ni, na Benin ɗin ma ruwa za shi. Baba ba ya gani, Sufeto. Bara ya kusa take jikarsa Raudatu, ya zata tunkiya ce, ya sauko yana zagin mai tunkiya."

"Ƙarya kake, ɗan nema," in ji Alhaji. "Idona garau. Ku tahi da shi, ban yahe ba."

Kofur ya sa wa Albashir ankwa. Alhaji ya matso, ya kama hannun Gidaɗo da hannu biyu.

"Na gode, Sufeto."

Ba wanda ya yi dariya. Tausayi ya kama Sufeto Lawal, amma bai nuna ba. Ya karɓi makullin motar daga Gidaɗo ya jefa aljihu.

"Mota shaida ce, Alhaji. Tana hannun hukuma sai an gama shari'a."

Albashir ya waiwayo daga bakin ƙofa.

"To a ja shari'ar, ranka ya daɗe. Ba ni sauri."