Yayan Littafi da Yayan Fim

"Buɗe min motar nan."

"Auta, mutane na kallonmu..."

"Su kalla mana. Ai kallo suka zo yi, kai kuwa ka ba su har da ƙari."

Mijinta ya buɗe mata ƙofa yana murmushin dole, yana ɗaga wa masu fitowa daga sinima hannu. Darakta kowa ke ce masa, har mahaifiyarsa, kuma yau ranarsa ce. Yau aka fara haska fim ɗin da ya yi da littafin matarsa, zaure ya cika maƙil, an yi tafi har tafin hannu ya yi ja. Auta kuwa ta ja tsohon cikinta ta shiga mota, zuciyarta baƙi ƙirin.

Littafin labarinsu ne, ita da shi. Wata 'yar makaranta ce marainiya da wani saurayi mai ɗaukar hoto a bakin get, suka fara da gaisuwa, suka girma cikin son juna, yayan yarinyar ya ce bai yarda ba. Duk wanda ya san su ya san daga ina ta ɗauko. Amma Auta ta yi wa yayanta sutura. A littafi ta mayar da shi malamin makaranta mai ƙarancin magana, ta canza masa kama da tsawo, a babin ƙarshe kuma shi da kansa yake taka ƙafa ya je ya kira saurayin ya ce ya ba shi.

A takardun da Darakta ya nuna mata kafin a fara ɗauka, haka yake, malamin makaranta. Sai laulayi ya kwantar da ita, likita ya hana ta fita, duk lokacin da ta tambayi Darakta sai ya ce, "Ki bari na yi miki bazata, rabin raina." To, ga bazata ta sha.

Yayan fim mai aski ne, kamar Yaya. Yana rataya tawul a kafaɗar hagu, kamar Yaya. Kuma yana in'ina.

Yaya na gaske yana zaune kusa da ita a layin gaba, da sabuwar riga wadda ko karin guga bai sake ta ba. Ya rufe shago ranar da ya fi samun mutane don ya zo ya ga aikin ƙanwarsa. Da ɗan wasan ya fara magana aka yi dariya kaɗan. Da aka zo inda ya kulle shago ya tsaya gaban madubi yana gwada yadda zai kori saurayi, yana "b-b-ba za ka... b-ba za ka aure ta ba," yana mari bakinsa yana sakewa, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Wata mata a bayansu har da buga kujera. Auta ta ji motsi a gefenta. Yaya ya miƙe, ya sunkuya don kar ya tare wa mutane allo, ya bi gefen bango ya fita.

Suka isa gida. Tana shiga falo ta jefar da jaka.

"Ina malamin makarantar da na rubuta?"

"Malamin makaranta ba ya riƙe 'yan kallo. Littafi daban, fim daban, ke ma kin sani. A littafi za ki iya cika shafi da abin da mutum ke ji a ransa. Ni kyamara nake da ita, sai abin da ido ya gani."

"Ina babin ƙarshe? Inda yake zuwa ya kira ka?"

"Na yanke. Fim yana buƙatar mugu."

"Yayana ne mugun?"

Ya zauna ya fara kwance igiyar takalmi, ya ƙi kallonta. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, mutum ya yanka ka kuma ya tsaya kwance takalmi.

"Da hannunsa ya yi maka askin aure," in ji ta. "Ka manta?"

"Ban manta ba. Har ya gama bai ce min ko kala ba."

"Don ya san in ya buɗe baki harshensa zai kama shi a gabanka. Kuka yake haɗiyewa."

"Ke kika ga kuka. Ni abin da na gani daban." Sai yanzu ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Ba kya wurin ranar da na fara zuwa shagonsa. Benci cike da mutane. Ya ce mai yawo da kyamara ba shi da sana'a, ya ɗauki tsintsiya ya dinga sharo gashin mutane a kan ƙafata har na fita. Kin rubuta wannan? Ba ki rubuta ba. Kin ɗauki yayanki kin wanke shi tas, ni kuma kin bar ni saurayi mai haƙuri wanda ba ya jin zafi. Littafinki mai daɗi ne, Auta, amma rabin labarin ne."

Akwai gaskiya a ciki, kuma ta ji haushin da ya kasance akwai.

"To ka sa sharar. Ka sa zagin. Madubin fa?"

Ya sake sunkuyawa kan takalminsa.

Shekarar da iyayensu suka rasu, Yaya bai gama zama mutum ba, ita kuma tana firamare. Aka ce kowane yaro ya zo da babbansa taron iyaye. Yaya, wanda ko sunansa ba ya iya faɗi a jere, ya dinga kulle shago da wuri yana tsayawa gaban madubi yana koyon abin da zai faɗa wa shugaban makaranta, in ya sarƙe ya mari bakinsa ya sake. Tana kwance a benci kamar mai barci, tana kallonsa ta ƙasan gashin ido. Da ya gane ta gani, ya roƙe ta kar ta gaya wa kowa. Ba ta sa a littafi ba. Mutum ɗaya tak ta taɓa gaya wa, a farkon aurensu, kanta a ƙirjinsa, don tana so ya so Yaya kamar yadda take sonsa.

"Amana na ba ka," ta ce. "Ka kai ta gaban ɗan wasa ka koya masa yadda ake marin baki."

"Masoyiya, wurin ne ya fi kowane wuri kyau a fim ɗin. Kin ji yadda..."

"Na ji. Shi ma ya ji."

Ya taso zai riƙe hannunta, ta janye. Abin takaicin shi ne har a lokacin tana sonsa. Da ta tsane shi, da abin ya zo da sauƙi.

Washegari da hantsi ta ɗauki littafin ta hau motar haya. Tun kafin ta ƙarasa shagon ta ji wasu samari a gindin fitilar titi, ɗaya ya rataya riga a kafaɗar hagu yana "b-b-ba za ka," sauran suna riƙe ciki. Ashe tun jiya an yanko wurin an watsa a waya. Da suka ga ta nufo su suka watse.

Shagon yana nan yadda ta san shi, kujera mai juyawa wadda aka ɗinke yagewarta da zare, ƙamshin hoda da man goge inji, benci a jikin bango. Sai dai madubin an lulluɓe rabinsa da wani tsohon zane. Yaya yana yi wa wani dattijo gyaran gemu. Ya kalle ta sau ɗaya ya nuna mata benci da kai.

Da dattijon ya tafi ta ce, "Yaya, wallahi ban sani ba. Jiya na fara gani, tare da kai."

Ya shiga kakkaɓe injin da buroshi.

"Ba haka na rubuta ba. Na san ba ka karanta ba, ka ce kana jin nauyin karanta soyayyar ƙanwarka. Amma ka saurara, don Allah. Babi ɗaya kawai."

Ya ajiye buroshin. Ta buɗe ta fara. Ta karanta inda yayan yake zama shi kaɗai yana tuna ranar da ya fara koyon yi wa yarinyar kitso da yatsunsa masu kauri, da inda yake gane ba saurayin yake ƙi ba, ɗakin da zai zama wayam yake tsoro. Ta karanta inda yake ƙwanƙwasa ƙofar saurayin ya ce, "Ga ta nan, ka riƙe min ita da kyau." Hawaye ya hana ta ganin layi, ta ƙarasa da ka, don ta haddace.

Yaya ya saurara har ƙarshe, hannunsa a bayan kujera.

"Ya yi kyau," ya ce a hankali. "Wannan malamin mutumin kirki ne. Allah ya yi masa albarka."

"Kai ne, Yaya."

"Ni ba malami ba ne. Ni mai aski ne. Da kika tashi yabona, kin sa min rigar wani, ba wanda zai gane ni. Da mijinki ya tashi zagina, ya kawo ni da tawul ɗina."

"Don na rufa maka asiri na canza..."

"Na gode." Ya ninke tawul ɗin ya ajiye. "Sharar da na yi masa, in ya rama, ban ga laifinsa ba. Namiji ne, ya riƙe abinsa. Amma shi ba ya nan lokacin da nake tsayawa gaban madubin can. Mu biyu ne a shagon nan a lokacin, ni da ke."

"Don ya so ka na gaya masa. Wallahi don ya so ka."

"Na yarda."

A nan ne ta lura da wani abu. Tun da ya fara magana bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Haka yake yi wa masu zuwa aski, ya auna kowace kalma, ya zaɓi gajeru, ya kauce wa masu kama masa harshe. Ita kaɗai a duniya yake sakin baki da ita, ya yi ta tuntuɓe a kan kalma yana dariya, tana jiransa har ya fito da ita. Yanzu yana mata magana sumul, kamar baƙuwa.

"Yaya, ka yi min faɗa mana. Ka zage ni. Ka ce min komai yadda ka saba."

"Ki koma gidanki, kina da tsohon ciki. Kar ki kashe aurenki a kaina, ni na ba shi ke. In kin sauka lafiya a aiko a gaya min, zan yi addu'a."

"Ba za ka zo ba?"

Ya buɗe baki. Ta ga leɓensa ya fara rawa, kalmar ta maƙale, ta matso gaba tana jira da dukan zuciyarta, ko me zai faɗa. Sai ya rufe bakin, ya haɗiye, ya girgiza kai kawai.

Wani mutum ya leƙo ya tambaya ko da layi. Yaya ya kakkaɓe kujera ya juyo masa da ita.

"Babu kowa," ya ce. "Shigo."