Wa Ya Zuba wa Birkin Bilya Mai?

Da sanyin safiya Bilya ya tayar da motarsa zai fito da ita ƙofar gida a Faskari. Ya taka birki, motar ta ci gaba da sulalewa har ta daki katanga. Fitila ɗaya ta fashe.

Matarsa Shafa'atu ta fito da gudu, jaririyarsu Ummi a kafaɗa. Ran nan za su yawon arba'in Sabuwa, a kai wa iyayenta jikarsu su gani. Bilya ya durƙusa ya zura yatsa ta tsakanin rim ɗin tayar gaba, ya shafo faifan ƙarfen da birki ke kamawa. Yatsan ya fito yana maiƙo. Haka ɗaya tayar ta gaba.

"Mai aka zuba," in ji shi. "Wallahi Mas'udu direba ne. Shekaranjiya a tasha muka yi cacar baki kan layin lodi."

Shafa'atu ta tuna ramukan hanyar Sabuwa da dajin da ba a son tsayawa cikinsa, ta ƙara rungume yarinyar.

"Baban Ummi, ɗiyata ba ta shiga motar nan sai na san wanda ya yi. Kuma ba za ka kama sunan mutum ba hujja ba. Zauna. Jiya ina ka kai ta?"

"Wanki, wajen Almu. Daga can sai gida."

Aka aika kiran Almu mai wankin mota. Ya iso da wando a naɗe, ya ga katangar, ya yi salati.

"Malam Almu, mi ka sa wa tayoyin nan?"

"Ruwa da sabulu, Maman Ummi. Ni ko man kitso ba ni da shi, dubi kaina."

"Da ya tashi tafiya birkin na kamawa?"

"Ƙwarai. Yana ta ƙugi ma. Ruwa in ya taɓa faifan sai ya ɗan yi tsatsa, a taka sau kaɗan ta goge, ƙarar ta tafi. Na gaya mashi."

Shafa'atu ta gyaɗa kai. Ita ma ta ji ƙarar jiya da la'asar, don ita ta tayar da Ummi daga barci lokacin da motar ke shigowa. Ƙarfen da aka shafa wa mai ba ya kuka. Ke nan bayan motar ta shigo gida aka yi aikin. Ta ba Almu haƙuri ta sallame shi.

"Saura Mas'udu," in ji Bilya.

"Kira shi. Buɗe muryar in ji."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Ana jin 'yan kamasho suna kiran fasinja a bayansa.

"Angon ƙarni! Ka huce ne?"

Shafa'atu ta karɓi wayar. "Ina kwana, Malam Mas'udu. Kana gari kuwa?"

"Ina Ƙanƙara tun jiya. Yamma ta yi mani, wa zai bi hanyar nan? A benci na kwana, sauro ya yi walima da ni. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Allah Ya kiyaye hanya."

Bilya ya ce ai yana iya turo wani. Shafa'atu ta matso kusa da shi. Ta miƙa masa yarinyar, ta tattare zaninta ta tsuguna gaban tayar. Kiyashi ne suka yi layi tun daga gindin katanga har cikin rim. Ta shafo man ta kai hanci. Sai ta leƙa ƙarƙashin motar, ta ciro gashin kaza guda ɗaya, bakinsa jiƙe.

"Ka taɓa ganin kiyashi na bin baƙin mai?"

"A'a."

"Sansana."

Ya sansana. "Kamar ƙuli-ƙuli."

"Man gyaɗa ne. Direba mai mugun nufi ga baƙin mai a but ɗin motarsa, zai tsaya neman man suya? Kuma ya bi shi a hankali da gashin kaza? Ƙofar gida a kulle ta kwana, ni na sa sakata."

Ta miƙe ta je ta tura ƙyauren ɗakinta. Tun watan jiya yake kuka in an taɓa shi. Yau ya buɗe shiru.

Goggo, mahaifiyar Bilya, tana bayan gida tana dama kunun kanwa. Ita ta zo daga Mairuwa ta yi wa Shafa'atu wankan jego, ita ke hura wutar ruwa tun asuba, kuma ba ta ji karon ba don kunnenta ɗaya ya yi nauyi. Shafa'atu ta durƙusa gefenta.

"Goggo, ƙyaurena ya daina kuka."

Tsohuwar ta washe baki. "Kin lura ashe. Ni na ɗiga mashi mai. Kullum sai ya firgita mani ƙawata Ummi."

"Allah Ya saka da alheri. Shi kaɗai kika sa wa?"

"Har da motar yaron nan. Ko ni da kunnena na ji tsiyar da ta yi jiya. Ina zaune na ga ta tayoyin gaba take. Na ce a haka za a kai yarinya Sabuwa tana zabura? Da ya tafi Magariba na bi su da gashi, ciki da waje. Shi ko a jikinsa, sai ya sayi turaren mota."

Bilya da ke tsaye bayansu ya buɗe baki. Shafa'atu ta harare shi, ya rufe. Ta kama hannun Goggo ta kai ta gaban katanga, ta nuna mata fitilar, ta yi mata bayani a hankali: birki da kamu yake aiki, mai kuwa santsi yake sawa.

Goggo ta zauna a ƙasa. Ta dubi tafin hannunta.

"Da hannuna? Da kun hau titi fa?"

"Ba mu hau ba, Goggo." Shafa'atu ta karɓi Ummi ta ɗora mata a cinya. "Riƙe mani ita, in kai ma makaniki ruwa in ya zo."

Makaniki ya wanke faifan da fetur, ya canza abin da ya sha mai. Bilya ya koma gefe ya sake kiran Mas'udu, aka ji yana cewa a yafi juna. Da aka gama ya shiga zai gwada, sai Goggo ta miƙa wa Shafa'atu yarinyar, ta gyara mayafi, ta buɗe gidan gaba ta zauna.

"Goggo, gwaji ne fa kawai," in ji Bilya.

"Na sani. Ja mu tafi, kuma ka taka da ƙarfi. In ta tsaya da ni a ciki, sannan a ɗauko mani ƙawata."